James LaBrie: faifan da ya rage ƙarar gitar, ya raba kan masu sharhi

A ranar 20 ga watan Mayun 2022, James LaBrie, mawaƙi ɗan ƙasar Kanada da ya share sama da shekara 30 yana jan waƙa a ƙungiyar Dream Theater ta Amurka, ya fitar da faifai na ƙashin kansa mai suna Beautiful Shade of Grey. Masu saurare da suka saba jin muryarsa tana keta rugugin ganguna da ƙarar gitar lantarki sun tarar da wani abu dabam: gitar katako, piyano, da murya a kwance. Wasu masu sharhi sun ce an daɗe ba a ji ya yi waƙa da daɗi haka ba, wasu kuwa suka ce faifan ya yi sanyi da yawa. Saɓanin nasu ya samo tushe daga wata tambaya da ta shafi duk mawaƙin da ya daɗe a fage: da wace murya za a auna shi, wadda yake da ita yau, ko wadda ya yi suna da ita yana saurayi?

Mene ne metal furogiresif?

Kiɗan metal reshe ne na kiɗan rok. An haife shi a Ingila a ƙarshen shekarun 1960, kuma galibi ana danganta tushensa da ƙungiyar Black Sabbath ta birnin Bamingam, wadda ta fitar da faifanta na farko a 1970, tare da Led Zeppelin da Deep Purple. Alamarsa ita ce gitar lantarki da ake ƙure wa na'urar ƙara sauti har amonta ya yi kauri ya riƙa gurnani, sai ganguna masu ƙarfi, sai mawaƙin da dole ya ɗaga murya sama sosai in yana so a ji shi a cikin wannan hayaniya.

A daidai wannan zamani, a Ingilar dai, wasu ƙungiyoyi irin su Yes da Genesis da King Crimson sun ƙi yarda waƙa ta tsaya a minti uku da gidajen rediyo ke so. Suka riƙa tsara waƙoƙi masu tsawo, babi-babi kamar littafi, suna aro daga tsohon kiɗan Turai na manyan ƙungiyoyin goge da kuma kiɗan jaz. Wannan shi aka kira rok furogiresif, wato mai neman wuce inda aka saba tsayawa. A shekarun 1980 wasu matasa a Amurka suka haɗa nauyin metal da sarƙaƙiyar wancan salo. Ƙungiyoyi uku ake yawan ambata a matsayin magabata: Queensrÿche, Fates Warning da Dream Theater.

Don a gane sarƙaƙiyar, a duba ƙirgen kiɗa. Mafi yawan waƙoƙin rok da fof da ake ji a rediyo ana ƙirga su huɗu-huɗu ne: ɗaya, biyu, uku, huɗu, a koma farko. Shi ya sa ƙafa ke bin su ba tare da an koya mata ba. Makaɗan metal furogiresif kuwa sukan ƙirga biyar, ko bakwai, ko sha ɗaya, kuma su sauya ƙirgen a tsakiyar waƙa. A wani kiɗa na Dream Theater mai suna The Dance of Eternity, na shekarar 1999, ƙirgen yana sauyawa sama da sau 100 cikin minti shida. Waƙarsu Octavarium ta 2005 kuwa minti 24 ce cur.

A watan Afrilun 2022, ƙasa da wata biyu kafin fitowar faifan LaBrie, Dream Theater ta ci lambar Grammy ta farko a tarihinta da waƙar The Alien. Da yake karɓar lambar, mai gitar ƙungiyar John Petrucci ya tuna wa jama'a cikin raha cewa an sha faɗa musu waƙoƙinsu sun yi tsawo kuma ƙirgensu baƙo ne, sannan ya ce ita kanta wannan waƙa a kan ƙirgen 17 aka gina ta, mai iya buga ƙafa ya gwada.

Gidan da makaɗa ke mulki

A ƙasar Hausa mawaƙi ne uban tafiya. Sunan Mamman Shata ake kira, makaɗan kalangu da ƴan amshi suna bayansa. A Dream Theater abin a juye yake, kuma wanda bai san haka ba ba zai gane dalilin da ya sa LaBrie ke buƙatar faifai na kansa ba.

Ɗalibai uku ne na makarantar koyon kiɗa ta Berklee da ke birnin Boston suka kafa ƙungiyar a 1985: John Petrucci mai gitar, John Myung mai gitar bas, da Mike Portnoy mai ganguna. Sunanta na farko Majesty. Sun fitar da faifan farko a 1989 da wani mawaƙi, Charlie Dominici, daga baya suka rabu da shi suka shiga neman wani. Sun saurari mutum kusan 200 kafin wani kaset ya iso musu daga Kanada.

Mai kaset ɗin shi ne Kevin James LaBrie, haifaffen 5 ga watan Mayun 1963 a Penetanguishene, wani ƙaramin gari a lardin Ontariyo da ke da tsohuwar al'ummar masu jin Faransanci. Ya koyi sarrafa murya a hannun wata malama mai koyar da waƙar opera, Rosemary Patricia Burns, ya kuma yi waƙa a wata ƙungiya mai suna Winter Rose. Da ya shiga Dream Theater a 1991 sai ya ajiye sunan Kevin, saboda akwai Kevin Moore mai piyano a ƙungiyar, ga kuma John har biyu.

Faifan farko da ya yi da su, Images and Words na 1992, shi ne ya ɗaga ƙungiyar. Waƙar Pull Me Under ta samu shiga rediyo da tashar MTV, faifan kuma ya kai matsayin zinariya a Amurka, ma'ana an sayar da kwafi 500.000. LaBrie yana da shekara 29 a lokacin, muryarsa tana hawa sama tamkar ba ta da rufi. Wannan murya ce magoya baya suka riƙe a kunne, kuma da ita da yawansu ke auna shi har yau.

Sai dai a tsarin aikin ƙungiyar, makaɗa ne ke gina kiɗa tukuna, daga baya a nemi inda za a aza murya. Yawancin baitocin ma Petrucci ne ke rubutawa, da Portnoy a zamaninsa. Rabon LaBrie bai cika wuce waƙa ɗaya ko biyu a faifai ba. A wurin wasa, idan makaɗa suka shiga dogon kiɗa marar waƙa, yakan sauka daga dandamali ya jira. Wato mutumin da ake gani a gaba riƙe da makirufo shi ne mafi ƙarancin iko a kan yadda waƙar za ta kasance, kuma sau da yawa an tsara masa tsayin da zai hau ne bisa abin da ya dace da gitar.

Abin da ya faru a Kuba

A ƙarshen watan Disamban 1994, ƴan watanni bayan fitowar faifan Awake, LaBrie ya je hutu ƙasar Kuba. Ya ci gurɓataccen abinci, ya yi amai mai tsanani har ya ji wa jijiyoyin muryarsa rauni.

Jijiyoyin murya wasu ƴan tantani biyu ne na tsoka a cikin maƙogwaro. Idan iska ta taso daga huhu sai su riƙa buɗewa suna rufewa da sauri, wannan karkarwar ce ke zama sauti. A maganar namiji baligi sukan kaɗa sau 100 da ƴan kai a daƙiƙa guda. Idan mawaƙi ya hau irin tsayin da ake nema a metal, kaɗawar takan wuce sau 500 a daƙiƙa, kuma sai tantanin sun miƙe sun yi siriri kamar tsirkiyar gurmi da aka ɗaure tamau. Ɗan kumburi ko tabo ya isa ya hana su haɗuwa daidai, sai murya ta dushe ko ta karye a sama. Yunƙurin amai da tsamin ruwan ciki kuwa duk suna cutar da su.

Likitocin maƙogwaro da ya gani sun ce masa babu magani sai hutu. Amma an riga an tsara rangadi a Japan a watan Janairun 1995, kuma ya tafi. Ya sha faɗa a hirarraki cewa ya yi shekaru yana waƙa da muryar da ba ya iya dogara da ita, cewa ya shiga damuwa har ya yi tunanin barin ƙungiyar, kuma sai wajen 2002 ya ji ta dawo masa yadda ya santa.

Ga rauni, ga kuma shekaru. Da tsufa, tsokar jijiyoyin murya takan ragu, taushinsu ya ja baya, numfashi ya gajarta. Mai gitar in tsirkiyarsa ta tsufa sai ya sayi sabuwa, mai ganga ya sake fata. Mawaƙi kuwa da abin kiɗansa aka haife shi, ba a sayar da wani a kasuwa. Petrucci yana iya kaɗa waƙoƙin 1992 yau kamar jiya, wataƙila ma fiye. LaBrie kuwa ana neman ya maimaita, dare bayan dare, a wasan da kan kai kusan awa uku, abin da ya yi sau ɗaya a sitidiyo yana ɗan shekara ashirin da wani abu.

Zamanin wayar salula ya ƙara wa lamarin zafi. A da, daren da murya ta ƙi ba ya wuce zauren da aka yi wasan. Yanzu kowa na ɗauka da waya ya saka a YouTube, a yanko wurin da muryar ta karye a yi ta yaɗawa. A farkon 2022 har zarginsa aka yi da cewa motsa baki kawai yake yi a kan muryar da aka riga aka ɗauka, abin da ya musanta cikin fushi a kan dandamali. A cikin wannan yanayi Beautiful Shade of Grey ya fito.

Faifayen da suka gabata

Ba shi ne karon farko da LaBrie ya fita shi kaɗai ba. A 1999 da 2001 ya fitar da faifai biyu da sunan MullMuzzler, domin yarjejeniyar kamfanin da ke riƙe da Dream Theater ba ta ba shi damar amfani da sunansa kai tsaye ba. Tun daga lokacin, abokin tsara waƙoƙinsa shi ne Matt Guillory, wani mai piyano Ba'amurke.

A 2005 ya fitar da Elements of Persuasion, na farko da sunansa zalla. A nan ne ya gabatar wa duniya Marco Sfogli, matashin mai gitar daga Italiya, mai ganguna kuwa shi ne Mike Mangini, wanda daga baya ya gaji Portnoy a Dream Theater bayan ficewarsa a 2010. Wani abin dariya ya faru da wannan faifai: a shafukan musayar waƙoƙi na intanet an yaɗa shi da sunan wai shi ne sabon faifan Dream Theater da aka sato kafin fitowarsa, kuma mutane da yawa suka yarda. Wannan ya nuna yadda kunnen jama'a ya ɗaure muryar da ƙungiyar, har ba a iya jin ɗaya ba tare da an zaci ɗayar ba.

Static Impulse na 2010 da Impermanent Resonance na 2013 sun ƙara nauyi. Waƙoƙin gajeru ne, minti huɗu zuwa biyar, masu amshi mai saurin kama kunne, kuma an ari salon metal na ƙasar Suwidin. Mai ganguna Peter Wildoer, na ƙungiyar Darkane, shi ke yin irin kururuwar nan ta maƙogwaro da aka san wannan salo da ita, LaBrie yana amsawa da tsabtatacciyar murya. Jaridun metal sun karɓi faifayen biyu da kyau gaba ɗaya, kodayake wasu magoyan bayan Dream Theater ba su ji daɗin kururuwar ba. Abin lura shi ne, har zuwa nan LaBrie yana cikin da'irar ƙara. Ya bar dogayen waƙoƙi, amma bai bar gitar lantarki ba. Daga nan aka yi shekara tara bai fitar da cikakken faifai na kansa ba.

Yadda aka haɗa Beautiful Shade of Grey

Tushen faifan wata haɗuwa ce a filin jirgin sama. A watan Fabrairun 2020 Dream Theater ta yi wasa a Gilasgo, a Sikotilan. Washegari LaBrie ya ci karo da Paul Logue, mai gitar bas na ƙungiyar Eden's Curse, wadda ya taɓa yi wa waƙa a matsayin baƙo a faifanta na 2011. Suka yi maganar yin aiki tare. Ƴan makonni bayan haka annobar korona ta rufe iyakoki, aka dakatar da duk wani rangadi, mawaƙin da ya saba kwana a otel ya samu kansa a gida da lokaci a hannu.

Logue ya riƙa aiko masa da kiɗa a kan gitar katako, shi kuma yana aza murya da baitoci. Sfogli ya shigo daga Italiya, Christian Pulkkinen mai piyano daga Finlan, ganguna kuwa ɗan LaBrie ne na cikinsa, Chance, ya kaɗa. Kowa ya yi aikinsa daga ƙasarsa, ana aika sauti ta intanet. Matt Guillory, wanda hannunsa ke cikin duk faifayen baya, ba ya cikin wannan. Kamfanin InsideOut na ƙasar Jamus, wanda ya ƙware a kiɗan furogiresif, shi ya fitar da shi.

Faifan ya buɗe da Devil in Drag, wadda ta fi sauran kuzari, kuma an maimaita ta a ƙarshe da gitar lantarki, tamkar ana ce wa tsofaffin magoya baya ga naku kason. A tsakani akwai waƙoƙi masu taushi irin su Give and Take da Sunset Ruin da Am I Right, akwai wata ƴar gajeruwa, Conscience Calling, wadda muryoyi ne zalla babu kayan kiɗa. Akwai kuma Ramble On, tsohuwar waƙar Led Zeppelin ta 1969, wadda ya sake rerawa. Zaɓen wannan waƙa ya nuna inda ya dosa, domin Led Zeppelin, duk da ana lissafa ta cikin iyayen metal, ta shahara da cuɗa gitar katako da ta lantarki, kuma LaBrie ya sha ambaton mawaƙinta Robert Plant cikin waɗanda ya taso yana koyi da su, tare da Freddie Mercury na Queen da Steve Perry na Journey.

Sunan faifan yana nufin kyakkyawan launin toka, wato launin da ke tsakanin baƙi da fari. Mai sauraren da ya san mawaƙin yana da shekara 59 a ranar da faifan ya fito yana iya jin furfura ma a cikin sunan.

Masu bin kiɗan gitar na nan gida Nijar sun san irin wannan sauyi. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, ya fitar da Funeral for Justice a 2024 da gitar lantarki mai ƙuna, sannan a 2025 ya sake fitar da waƙoƙin a kan gitar katako da sunan Tears of Injustice. Duk wanda ya saurari biyun ya ga abin da rage ƙara ke yi: baitoci suna fitowa fili, numfashin mawaƙi yana jiyuwa, kuma babu inda kuskure zai ɓuya. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Abin da masu sharhi suka yaba da abin da suka kushe

Sharhin faifai a Turai da Amurka sana'a ce mai tsari. Kamfani yakan aika wa mujallu da shafukan intanet faifan makonni kafin fitowarsa, su saurara su rubuta, galibi su ba da maki bisa 10 ko taurari bisa biyar. Kowane salo yana da jaridunsa. Da yake LaBrie ɗan gidan metal ne, kamfaninsa kuma na furogiresif, faifan ya faɗa ne hannun marubutan da aikinsu na kullum shi ne auna nauyin gitar da gwanintar ganguna. An kai musu faifan da ya ajiye abubuwan nan biyu da gangan.

Waɗanda suka yaba sun tsaya ne a kan muryar. Sun lura cewa a nan LaBrie yana waƙa a tsakiyar muryarsa da ƙasanta, inda take da ɗumi da laushi, ba ya kokawa da tsayin da aka tsara don wani abin kiɗa. Wannan ɓangare na muryarsa daɗaɗɗe ne, an ji shi a waƙoƙin Dream Theater masu sanyi irin su Wait for Sleep da The Spirit Carries On, amma can ɗanɗano ne ake bayarwa tsakanin manyan kiɗe-kiɗe. A nan shi ne abincin gaba ɗaya. An kuma yaba wa Sfogli, wanda ya nuna cewa gwanintarsa ba ta dogara da lantarki ba, da tsabtar ɗaukar sautin.

Waɗanda suka kushe kuwa ƙorafinsu ya fi karkata ga tsarin waƙoƙin. Sun ce da yawa daga cikinsu tafiyarsu ɗaya, saurinsu kusan ɗaya, har mai saurare ya kai tsakiyar faifan ya kasa bambance wannan da waccan. Wasu sun ga ya yi kama da rok mai laushi na rediyon shekarun 1980, wanda ba ya ɓata wa kowa rai kuma ba ya tayar wa kowa da tsikar jiki. Sake rera Ramble On ma ya raba kawuna, domin duk wanda ya taɓa waƙar Robert Plant ya jawo wa kansa gwaji da Robert Plant. Akwai kuma waɗanda suka ce sun yi kewar nauyin faifayen 2010 da 2013.

Idan aka tace ƙorafe-ƙorafen, za a ga iri biyu ne, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce. Wanda ya ce waƙoƙin sun yi kama da juna yana auna faifan ne da abin da faifan ya yi niyyar zama. Wannan suka ce mai tushe: wanda ya rage kayan kiɗa ya ɗora wa kansa nauyin kawo bambanci ta wata hanya, ta karin waƙa ko ta baitoci, kuma ba kowace waƙa a faifan ta sauke wannan nauyi ba. Wanda kuwa ya ce faifan ba shi da ƙara, ko ba shi da dogayen kiɗe-kiɗe, yana zargin raƙumi ne da rashin ƙaho. Tun kafin faifan ya fito LaBrie ya bayyana cewa na gitar katako ne.

Akwai kuma wani abu da ke faruwa da duk mawaƙin babbar ƙungiya in ya fita shi kaɗai. In ya yi irin kiɗan ƙungiyarsa, a ce me ya kawo sabo. In ya kauce, a ce ya watsar da mutanensa. Geoff Tate na Queensrÿche ya gamu da irin wannan a 2002, lokacin da faifansa na farko ya kauce wa metal. Einar Solberg na ƙungiyar Leprous ta ƙasar Norwe, wanda ya fitar da faifansa mai suna 16 a 2023, ya fi samun sauƙi, domin ita kanta ƙungiyarsa ta riga ta rage nauyi shekaru kafin nan, kunnen magoya bayansa ya saba. LaBrie bai samu wannan share fage ba: faifansa ya biyo bayan ɗaya daga cikin manyan nasarorin Dream Theater a fagen kiɗa mai nauyi.

Abin da faifan ya tabbatar

Beautiful Shade of Grey bai girgiza kasuwa ba, kuma ba a yi shi don haka ba. Amfaninsa a tarihin mawaƙin wani ne dabam. Shekaru da dama ana jayayya a kan ko muryar LaBrie ta ƙare, ana kafa hujja da bidiyon waya na daren da ya kasa hawa tsayin 1992. Faifan ya raba tambayoyi biyu da aka daɗe ana cakuɗawa. Ko yana iya hawa inda yake hawa yana ɗan shekara 29, kowane dare? Amsa a nan a fili take, kuma haka take ga kusan duk mawaƙin rok da ya kai shekarunsa. Shi kansa Robert Plant ya daɗe da komawa waƙa a ƙasan muryarsa. Ko yana iya waƙa? Hatta da yawa daga masu kushe faifan ba muryar suka kushe ba.

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Matsalar mawaƙin metal furogiresif ita ce kiɗan ƙungiyarsa ba ya sauyawa don jikinsa ya sauya, kuma jama'ar da suka sayi tikiti tsofaffin waƙoƙin suke so. A watan Oktoban 2023 Mike Portnoy ya koma Dream Theater bayan shekara 13, ƙungiyar ta fara rangadin cika shekara 40 a Landan a watan Oktoban 2024, ta kuma fitar da faifan Parasomnia a watan Fabrairun 2025. LaBrie ya koma bakin aikinsa na kullum, gaban rugugin ganguna, yana da shekara sittin da ɗoriya.

Ga mai karatun da bai taɓa jin sa ba kuma yake son ya yanke hukunci da kunnensa, hanya mai sauƙi ita ce ya saurari Pull Me Under ta 1992, sannan ya bi ta da Give and Take ta 2022. Shekara 30 ne tsakaninsu, da raunin Kuba, da dubban dare a kan dandamali. A ta farko zai ji tsayin da muryar ke iya kaiwa a ƙuruciya. A ta biyu zai ji irin waƙar da mai muryar ya zaɓa wa kansa, ranar da babu wanda ya tsara masa inda zai hau.